Agogon da na jefa cikin gwangwanin ƙusoshi

Gangara, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum. Shekaru da yawa na yi ina rubuta wa mutanen garin nan wasiƙu, kowace kuma da tambayar lafiya nake buɗe ta. Wannan ban san da me zan buɗe ta ba. Ba a tambayar lafiyar wanda ke kwance a maƙabartar Gidan Rumji yau kusan wata biyar. Na san ba za ka karanta ba, babu kuma motar da zan ba. Na dai sami sauran wani tsohon kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, da alƙalamin bik, hannuna kuma bai cika rawa da safe ba, shi ya sa na zauna.

Ka ga ko sunanka ban sa a sama ba. Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa furta shi ba, haka ma mahaifiyarka har ta koma ga Allah. Haka muka tarar ana yi wa ɗan fari, haka muka yi. Da aka yaye ka yayana ya ɗauke ka zuwa Agie, shi ka tashi kana ce wa Baba. Ni kuwa Mushe kake ce mini, kamar duk wanda ya taɓa zama a ajina. In zan yi maganarka sai in ce yaron Agie. Ka yi furfura a gemu, ka zama likitan dabbobin da Fulani ke tsayar da garke in sun hango motonsa, ni har yanzu yaron Agie nake cewa.

Ga labarin gida. An yi girbi, gero ya yi dama-dama, wake ne tsutsa ta ci. Sale maƙwabci ne ya noma mini gonar bakin rijiya, matarsa kuma ita ke aiko mini da fura da rana, tuwo da maraice. Ƙanwarka Hajo ta haihu a Tasawa, namiji, sun mayar da sunanka, don haka shi ma ba ni da bakin kiransa. Ƙaninka na Agadas yana bugo salula jefi-jefi. Gwiwoyina sun ƙara tauri, a zaune nake salla yanzu. Gidan shiru. Kaji biyu suka rage, ɗaya ma ba ta ƙwai.

Ranar da aka sa ka a ƙasa ban yi kuka ba. Mutane suka riƙa cewa Mushe akwai tawakkali. Na bar su a haka. Gaskiyar ita ce ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Har yau haka nake. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa. In an ce ya haƙuri, in ce da godiya. Ina jiran ranar da abin zai iso ni, bai iso ba tukuna.

Maganar agogo ce ta sa na ɗauki bik.

Ka tuna shekara biyu da suka wuce, bayan ƙaramar salla, lokacin da na yanke jiki na faɗi a ƙofar masallaci? Kwana uku bayan haka ka zo da shi a cikin ɗan kwali. Farin ƙarfe ne irin wanda ba ya tsatsa, da sarƙa mai gaɓoɓi, fuskarsa baƙa wuluk sai an taɓa ta haske ya fito. Ka durƙusa nesa da tabarmata kamar yadda ka saba, ka ce ba lokaci kaɗai yake nunawa ba, yana ƙidaya bugun zuciya da takun ƙafa, in zuciya ta yi gudu zai nuna. Sannan ka ce, Mushe, a kawo hannu in gwada, sarƙar za ta yi yawa, sai an rage.

Sale yana zaune a wurin, da liman, da wasu mutum biyu da suka zo duba ni. Ta yaya zan miƙa wa ɗan fari hannu a gaban mutane ya riƙe? Tunda aka haife ka ban taɓa ɗaukarka ba. Sai na kau da kai na ce a ajiye nan, an gode. Na juya ina tambayar liman maganar rufin masallaci. Ka ajiye shi a gefen tabarma. Ka ɗan jima a durƙushe, sannan ka tashi ka shiga duba akuyar Sale da ke zawo.

Da kowa ya watse na ɗauka na juya shi. Yana da nauyi, yana da sanyi. Na taɓa fuskar, ta kawo haske, na ga rubutun faransanci, na karanta. Na so in sa, wallahi na so. Sai na tuna gobe in na fita za a ce Mushe wa ya saya maka, dole in buɗe baki in ce wane. Na duba inda zan ɓoye shi, abin da ke kusa da hannuna shi ne gwangwanin nan na madara da nake tara ƙusoshi da tsofaffin makullai da sifanar keken da na sayar tun tuni. Na jefa shi ciki na rufe. Kwalin kuwa matar Sale ta hura wuta da shi.

Gwangwanin bai zauna wuri ɗaya ba. Sale ya are shi ya kai gona a amalanke lokacin da yake gyaran shinge. Masu rufin masallaci sun are shi. Duk wanda ke neman ƙusa sai ya girgiza shi ya zazzage rabi a ƙasa ya mayar. Agogon ya nutse can ƙasa, ni kuma na bar tunaninsa, ko in ce na hana kaina.

Sai damina ta bara, zuwanka na ƙarshe da ƙafarka. Ƙofar rumbu ta ɓalle, ka ce za ka gyara kafin ka koma. Ka tambayi ƙusa, na ce duba gwangwanin madara. Sai da maganar ta fita na tuna. Ina zaune a gindin bishiyar bedi ina kallonka. Ka zazzage shi a kan buhu. Na ga hannunka ya tsaya. Ka ɗauko shi, ka goge fuskarsa da babban yatsa, ka juya bayansa. Ban san tsawon lokacin da ka yi a haka ba. Sannan ka tsinci ƙusa huɗu, ka mayar da sauran, ka ɗora agogon a sama a hankali, ka rufe. Ka gyara ƙofar. Ka wanke hannu, ka zo ka durƙusa ka ce Mushe za ni koma, rana ta yi. Na ce a sauka lafiya.

Me ya hana ni kiranka a lokacin? Babu kowa a gidan sai ni da kai da kaji. Wa zai gani? Kunyar wa nake ji?

Bayan girbi ciwon hanta ya kwantar da kai. Sau ɗaya aka kai ni Maradi na gan ka, a lokacin ma ɗakin cike yake da abokan aikinka, na tsaya daga bakin ƙofa na ce Allah ya sauwaƙe.

To kwana goma da suka wuce matarka Rakiya ta bugo mini. Ta ce ta fita takaba, za ta koma wurin iyayenta a Sae Sabuwa da yaran, amma ranar Juma'a ta sama za su fara zuwa su yi mini sallama. Har za ta kashe sai ta ƙara da cewa yaran suna ɗokin ganin agogon kakansu, wanda babansu yake cewa ba ya cire shi sai in zai yi alwala.

Na riƙe salular a kunne har ta yi shiru. Ashe abin da kake gaya musu ke nan. Duk lokacin da ka dawo daga Gangara, har da ranar da ka gyara ƙofar rumbu, ka shiga gida ka ce Mushe yana sanye da shi. Kai da ban taɓa jin an ce ka yi ƙarya ba, ko a kan lafiyar saniya. Ka rufa mini asiri a gaban iyalinka ban sani ba. Yanzu ga su za su zo, in suka ga abin da ƙusoshi suka yi masa, ba ni kaɗai zan tozarta ba, maganarka ce za ta faɗi, kai kuma ba ka nan balle ka gyara ta.

Na zazzage gwangwanin. Na sa tabarau na fita rana da shi. Gilashin bai fashe ba, Allah ya taimaka, amma ƙarfen duk ya kakkarce. Gefensa kamar an sa yaro ya koyi rubutu da ƙusa. Sarƙar ta yi zane-zane ta ko'ina, ga tsatsar ƙusoshi ta manne a tsakanin gaɓoɓi. Kusa da maɓallin rufewa akwai wani rami mai zurfi, ina jin bakin sifana ne.

A nan na yi wauta. Ni abin da na sani a kan farin ƙarfe shi ne yadda mahaifiyarka take wanke tukwanen dalma da kwanonin sha, da toka da ɗan rairayi da soso, ta murza har su riƙa ɗaukar ido. Na ɗebo toka a murhun matar Sale, na haɗa da rairayin bakin rijiya, na jiƙa tsumma, na zauna ina murzawa ina zagayawa kamar mai wanke gindin tukunya. Na yi ta yi har azahar. Da na ɗauraye na duba, tsatsar ta fita, amma ƙarfen ya dushe gaba ɗaya. Inda yake ƙyalli ya koma fari-fari kamar idon makaho, ga ƙananan zane dubu a kan na da. Da hannuna na ƙara ɓata shi.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Gazawa, tafiyar da na daɗe ban yi ba. Na je wurin masu cajin salula a bakin tasha, don na ga fuskar ta ƙi kawo haske. Suka juya shi suka ce wannan ba shi da ramin waya, wani ɗan faifai ne nasa na musamman ake ɗora shi a kai, in babu shi sai Maradi, can ma sai an dace. Na ce ban san da wani faifai ba. Na ɗauka ya tafi cikin kwalin da aka ƙona. Ɗaya daga cikinsu ya ce in gwada man goge baki a kan ƙarfen. Na saya, na dawo na gwada. Agogon ya yi ƙamshi, shi ke nan.

Ranar kasuwa na kai wa Illo. Ka san shi, ɗan gwaggona, maƙerin fari da ke zama bayan ƴan goro yana gyaran butocin shayi da zobba. Shi ma ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, bakin dai yana nan. Taubashina ne, ba ya raga mini. Da ya ɗaga agogon a rana sai ya fashe da dariya har da tari. Ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga aikin Mushe, mutumin da ya yi shekaru yana dukan ƴaƴan mutane a kan ɗigon tawada, yau ya wanke agogon Nasara da toka kamar tukunyar miya. Ya ce da na kawo masa tun farko da ya ba ni turmi da taɓarya in daka shi, ya fi sauri.

Ban yi dariya ba. Ya dube ni da idon nan guda, ya sallami maƙwabcin, ya matsar mini da buzu na zauna. Bai tambaye ni na wane ne ba. Duk garin an san wanda zai iya saya mini irin wannan.

Ya tura wani siririn tsinke ya raba sarƙar da kan agogon. Ya rufe gilashin da leda mai manne, ya rufe bayan ma inda wasu ƙananan idanu suke. Sannan ya nuna mini abin da ban lura da shi ba. Ƙarfen fuska biyu gare shi. Gefen agogon sumul yake kamar madubi, amma saman gaɓoɓin sarƙa yana da siraran layuka da aka yi da gangan, duk sun nufi wuri ɗaya, kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Ya ce wanda ya zagaya hannu a kan irin wannan ya kashe shi. Layin ake bi, a tura gaba, a ɗaga, a dawo, a sake turawa.

Ya fito da takardar goge ƙarfe irin ta masu fentin mota, iri uku, wata ta fi wata laushi, ta ƙarshen kamar fatar hannu. Ya ce a jiƙa ta da ruwa, a naɗe ta a ɗan katako don kada yatsa ya yi rami. A fara da mai ɗan kaushi, in zanen ya ɓace a koma ta biyu, sannan ta uku. Bayan nan sai farin man da yake goge butoci da shi, a shafa kaɗan a tsumma mai laushi a yi ta murzawa har ƙyalli ya dawo. Na ce to ina zanen yake tafiya? Ya ce ba ya tafiya ko'ina, ƙarfen da ke kewaye da shi ake ci har ya sauko daidai da shi. Shi ya sa ramin da ke kusa da maɓalli ba zai taɓu ba, in aka bi shi maɓallin zai yi siriri ya karye.

Ya ce in bar masa zuwa jibi. Na ce a'a, ni zan yi. Ya ce da wannan hannun da ko shayi ba ya kai wa baki sai rabi ya zube? Na ce da shi. Ya yi tsaki ya naɗe mini kayan a tsumma. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce tsaya, wannan sarƙar ai ko a ƙafarka sai ta zame. Bai nemi izini ba, ya cafko wuyan hannuna ya zagaya sarƙar a kai, ya ƙidaya, ya cire gaɓa huɗu. Ko minti biyu bai yi ba. Abin da ka roƙa ke nan a gaban liman, minti biyu.

Yana mayar da tsinken yana gunaguni, wai agogon da ake sawa ana ganewa, datti da zufa suna shiga tsakanin gaɓoɓi, ƙarƙashin maɓalli yana lashewa, wannan kuwa bai taɓa sanin jikin mutum ba. Na yi kamar ban ji ba.

Kwana uku na yi a gindin bedi. In na yi sallar asuba na sha koko sai in shimfiɗa buhu, in ajiye kwanon ruwa. Gaɓa ɗaya-ɗaya nake bi. In tura, in ɗaga, in dawo. Ruwan kwanon yana komawa toka-toka. In hannun ya fara rawa sai in ɗora shi a gwiwa in jira. Tsohon rawanina na yaga na yi tsumma da shi. Matar Sale ta kawo fura ta tsaya tana kallo, ta ce Mushe ko aure za a yi ne, na ce baƙi zan yi. Na ɗauka a cikin wannan aiki wani abu zai motsa a ƙirjina. Ina goge wurin da babban yatsanka ya taɓa, ina gaya wa kaina nan ne ya taɓa. Babu abin da ya motsa. Ina dai turawa ina ɗagawa.

Ranar Alhamis da la'asar na cire ledar. Gefen ya dawo har ina ganin idona a ciki. Layukan sarƙa ba su miƙe kamar na asali ba, amma sai wanda ya sani. Ramin nan yana nan, na ga in na juya hannu ciki ba a ganinsa. Na sa shi. Karo na farko ke nan. Na shirya abin da zan faɗa a kan fuskar da ba ta haske, zan ce caji ya ƙare da safe. Ina da shekara kusan tamanin ina zaune ina haddace ƙarya kamar ɗan lakol da darasinsa.

Sun iso ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, ita da yaran biyu. Babbar ta yi tsawo, goshinka ne sak. Rakiya ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ta gaishe ni. Yaran kuwa ba ruwansu, suka faɗo kan tabarma, ƙaramar tana cewa mijina ya tsufa, ta fasa auren. Na ce ni ma na sami wata mai iya tuwo. Sannan na janye hannun riga. Suka kama hannuna su biyu suna juyawa, babbar ta ce ita ta zaɓi fari, babansu baƙi ya so ya saya. Ta taɓa fuskar, ta sake taɓawa. Na ce caji ne ya ƙare da safe. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Rakiya ba ta ɗago ba. Ta ce wa yaran su je su gaida matar Sale su kai mata tsarabarta. Da suka fita ta buɗe jakarta ta ciro wani abu ta turo shi kan tabarma da yatsu biyu. Ɗan farin faifai ne da waya, wayar a naɗe da ɗaurinta na kanti, ba a taɓa warware ta ba.

Ta ce a aljihun ciki na jakarka ta aiki ta same shi, inda kake sa allurai. Ta ce ranar da ka kawo mini agogon ka manta da shi, sai a hanya ka gani. Ita ta ce ka ba direban Gazawa ya kawo, kai ka ce a bari, kwana biyu agogon zai mutu, Mushe zai bugo ya tambaya. Ta ce ka yi dariya ka ce ko ba komai ka sami dabarar da za ta sa ya kira ka da kansa sau ɗaya.

Ban taɓa lura ba sai da ta faɗa. Tunda aka kawo salula garin nan, kullum kai ke bugowa. Uba ba ya neman ɗan fari, haka na sani. Kwana nawa ka yi kana duba salularka? Mako? Wata? Yaushe ka daina?

Ta ce ta san agogon ba zai yi aiki ba tare da abin nan ba, kai ma ka san ta sani. Duk da haka in ka dawo daga nan sai ka ce Mushe yana sanye da shi, ita kuma ta ce madalla. Ba ku taɓa wuce nan ba. Ta ce in yafe mata maganar da ta yi a salula, ba gwada ni take ba, yaran ne suke tsaye a kanta, kuma abin da babansu ya bar musu ke nan game da ni da kai, ba ta so ya rushe.

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma sai na ji bakina yana magana. Na gaya mata gwangwanin madara. Na gaya mata ƙusoshi da amalanke da ranar ƙofar rumbu, da yadda ka ɗora shi a sama a hankali. Mun yi wannan magana duka babu wanda ya ambaci sunanka, ita tana cewa shi, ni ina cewa shi. Da na gama ta ce, Baba, wannan ban sani ba, bai gaya mini ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga kafaɗunta suna motsi.

Ka ga abin da na yi. Ta zo da rabin nauyin, na ɗora mata sauran. Kai ka ɓoye mata wannan har ka mutu, ni cikin rabin sa'a na zazzage mata. Na zauna ina kallon tana kuka a kan abin da ni ya kamata in yi kuka a kansa, idona a bushe. Ban san ko don in sauke wa kaina na faɗa ba, ko don na gaji.

Da ta natsu ta share fuska ta ce in miƙo agogon. Na cire na ajiye a tabarma, ta ɗauka. Ta duba gefensa, ta duba sarƙar, ta ga ramin, ta wuce shi. Ta tambaya wa ya goge, na ce ni, kwana uku. Ta ce ya yi kyau. Abu ɗaya ta roƙa, kada yaran su ji.

An kai shi caji a wutar sola ta gidan Sale. Har muka dawo daga masallaci bai motsa ba, na ce ya mutu ke nan. Sai wajen la'asar babbar ta shigo da gudu tana cewa ya tashi. Rakiya ta daidaita lokacin da salularta, ta nuna wa Sale yadda ake ɗora shi a faifan. Na sa shi a gabansu. Wani koren haske ya riƙa walƙiya a kan fatata, sai ga lamba ta fito da ɗan hoton zuciya. Ƙaramar ta ce ashe tsoho ma yana da zuciya. Suka hau mota kafin rana ta faɗi. Sae Sabuwa da nisa ga mai gwiwa irin tawa, ban sa ran zan je ba.

Yau kwana biyu yana hannuna. Ban fahimci rabin abin da yake nunawa ba. In na daɗe a zaune sai ya ɗan girgiza ya rubuta in tashi in taka. Ina tashi. In zagaya rumbu in dawo. Jiya liman ya gan shi a sahu, bayan sallama ya ce Mushe sabon agogo? Na ce tsoho ne, ɗana ne ya saya mini. Haka na faɗa, ɗana, a cikin masallaci. Babu wanda ya juyo. Liman ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ci gaba da jan carbi. Abin da na yi shekara hamsin ina gudu ke nan, ko kai ba a ɗaga ba.

Ban rubuto don in nemi ka yafe ba, na san lokacin wannan ya wuce, sai dai in mun haɗu can. Na rubuto ne ka san maganarka ba ta faɗi ba. Yaran sun tafi da ita yadda ka ba su. Rakiya ta ce za ta kawo su da babbar salla. In ina nan za su tarar da shi a hannuna. Da safen nan na buga shi a bakin buta ya yi wani ɗan sabon zane a gefe, na duba, na bar shi. Sauran takardar Illo na aika an mayar masa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya makwancinka, ya raya abin da ka bari. Rana ta taso, hannun ya fara rawa. Na tsaya nan.

Sai mun zo.

Mahaifinka, a Gangara.